Gawayin Maiwada

Sunansa Maiwada, amma iyakar wadarsa diga ce da igiya da wata shebur mai guntuwar ƙota. Shekara talatin da 'yan kai yana haƙa wa mutane rijiya, daga ƙauyenmu na gefen Kafur har Danja. In ka tambaye shi labarin wani gari ba zai gaya maka sunan dagaci ba, sai ya ce, "Can ai gaba shida ka tarar da ruwa." Gajere ne, kamar don aikin aka yi shi. Matarsa Hajo takan ce ita tsakar kan mijinta ta fi sani, don kullum daga bakin rami take miƙa masa fura.

Wata bazara yana haƙa a wata gona kusa da rafi, a gaba uku, digarsa ta ci karo da duwatsu uku a kafe yadda mata ke kafa murhu. Tsakaninsu gawayi, a gefe kuma fasasshiyar tukunya. Ni maƙwabcinsa ne, ni ya fara kawo wa labarin.

"Wata ta yi tuwo a nan, Malam," ya ce da ni. "Ta ɗora, ta sauke, ta kira yara. Ga ƙasa tsayin mutum uku ta hau wurin. Yaushe ke nan?"

Ya kwaso gawayin a hularsa, ko mudu bai cika ba. Mai gona kuwa ruwa yake nema, ba tarihi ba. Aka fasa duwatsun, aka ɗaure rijiyar da siminti, shaidar Maiwada ta koma abin da ke cikin hula.

Gari ya sami abin dariya. Ɗanasabe mai shayi ya sa masa Sarkin Gawayi. "Ranka ya daɗe, ko dai murhun Hajo ka kwashe ka zo kana yi mana wa'azi?" Maiwada yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cin sa. Mutum ne da in ya ce akwai ruwa a nan, to akwai, ba a taɓa ƙaryata shi ba sai a kan wannan.

Da babbar Sallah Amatullahi ta zo, 'yar wan Hajo, wadda ta fara karatun kayan tarihi a jami'a. Ita ce ta fara kallon gawayin ba ta yi dariya ba.

"Baba, ana iya sanin shekarunsa," ta ce. Ta yi masa bayani cewa duk itacen da ke raye yana shan wani irin sinadarin kabon daga iska. Ranar da aka sare shi shan ya tsaya, wanda ke jikinsa kuma sai ya riƙa lalacewa da kansa a hankali, ba ya sauri, ba ya jinkiri. Bayan shekara dubu biyar da ɗari bakwai da 'yan kai rabi ya tafi, bayan wasu kamarsu rabin ragowar ya tafi. In an auna abin da ya rage, an san lokacin da itacen ya mutu.

Maiwada ya ce, "Rijiya ce aka toshe wa ido. Ba mai shigowa, na ciki yana ja da baya. Ka zura igiya, ka san yaushe aka toshe."

"Wallahi Baba ka fi malaminmu iya faɗa."

"Haka haƙorana suke yi," Hajo ta ce daga bakin murhu. "Rabi, sannan rabin rabi. A auna ni mana, a huta."

"Gwaggo, ke ai da ranki."

Amatullahi ta ce awon ba a nan ake yinsa ba, sai ta sami malamin da zai aika da shi waje. Ta ce ya adana shi a bushe, kada ya haɗu da wani gawayi. Ya zuba shi a gwangwanin madara, ya rufe, ya rataye can saman ɗaki. Abu ɗaya ya dame shi bai tambaya ba, don kunya: anya zai isa? Shi a saninsa duk abin da za a kai awo, mudu ne mafi ƙanƙantarsa.

Shekara uku gwangwanin yana rataye. Hajo takan ce ta ga ana ajiye masara, ta ga ana ajiye gyaɗa, ita mijinta baƙin gawayi yake yi wa tsaro.

A damina ta huɗu aka yi marka ta kwana shida. Hajo ta kwanta da ciwon ƙirji, tana rawar sanyi. Itace duk ya jiƙe, in an hura sai hayaƙi, hayaƙin kuma yana tayar mata da tari. Rafi ya cika, babur ba ya ƙetarewa. Bayan azahar Maiwada ya hau turmi ya sauko da gwangwanin, ya zuba rabi a kasko, ya yi ta fifita har ya kama, ya tura mata kusa da ƙafafu.

"Maigida, me ka yi?" ta ce. "Ɗanasabe ya ci ka ke nan."

"Ya ci."

"Ashe dai gawayin kirki ne. Ko hayaƙi babu. Matar nan ta iya zaɓen itace."

Washegari ya duba ragowar, ya ga da ma can bai cika mudu ba, balle yanzu. Wa zai auna wannan? Ya juye shi duka a kaskon, ya kaɗe gwangwanin. Ranar Juma'a Hajo ta cika. Matan da suka zo zaman makoki suka share ɗakin, tokar ta tafi juji, gwangwanin ya koma na ɗiban ruwa.

Amatullahi ta zo sadakar bakwai. Bayan an watse ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce akwai ɗan labari mai daɗi a cikin wannan baƙin ciki: an sami mai aikawa. Ina zaune ya gaya mata abin da ya faru.

"Baba, ba ka rage komai ba? Ko kamar ƙwayar dawa ya isa."

"Ƙwayar dawa?"

"Ɗaya tak."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ta fara kuka, tana cewa laifinta ne da ba ta faɗa ba tun farko. Shi ya koma yana ba ta haƙuri.

"Bari, 'yar nan. Da na sani da na ɓoye ƙwaya ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na auna shi da kaina. Rabinsa azahar zuwa la'asar ne. Ta yi barci, ba ta yi tari ba."

Yanzu ya bar shiga rami, gwiwa ta ƙi. Ɗanasabe ya daina kiransa Sarkin Gawayi, kuma ina ganin hakan ya fi yi masa ciwo. Wani lokaci in muna zaune yakan ce, "Malam, a ganinka matar murhun nan za ta kai shekara dubu?" In ce Allah ne masani. Sai ya gyaɗa kai, ya ce shi dai ya san tana da kirki, tunda ta bar wa Hajo wuta.