Koren Akwatin Mahmudu

Wada mai ajiya bai taɓa kallon majigi ba har ya koma ga Allah, amma majigi ne ya raba shi da sana'arsa, kuma mutanen da ya yi wa hidima shekara goma sha shida su suka taya.

Mutumin Gumel ne. A ƙafa ya taso zuwa Makka, ya yada zango a Bor Sudan yana dako a bakin teku kafin ya samu ƙetarewa a 1938. A Bor Sudan ɗin ne wasu Turawan kamfani suka ga tsayinsa da kaurin wuyansa, suka sa shi a wasan da suke ɗauka da na'ura don bikin Kirsimeti. Wai wasan ban dariya ne: ɓarayi su haura gidan attajiri ranar biki, su kashe shi bisa kuskure, su cusa gawar a akwati, su yi ta yawo da ita ana yi musu barka da shagali. Abin da ke ba su dariya ke nan! Wada ne mai ɗaukar akwatin. Sau goma sha biyu aka sa shi haura taga ɗaya cikin zafin rana, don mai na'ura bai gamsu ba. Attajirin da aka kashe kuwa, da an ce a huta sai ya tashi ya sha shayi. Aka sallami Wada da tsohon wando, ya shiga jirgi, ya manta da zancen.

A unguwar Misfala ta Makka ya kama ɗaki biyu, alhazai suna bar masa kaya idan za su Mina ko Madina. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. A kusurwa akwai wani koren akwati na wani Bakatsine, Mahmudu, wanda ya tafi Mina bai dawo ba. Shekara goma sha ɗaya Wada yana share masa ƙura, yana tare duk ayarin Katsina yana cigiyar magada. Matarsa Shatu ta sha cewa a buɗe, ko a dace da takarda mai sunan dangi. Amsarsa ɗaya ce: ba a bar masa mabuɗi ba.

Sai ga Tijjani a hajjin 1954, tsohon kukun Turawa a Bor Sudan. Ya kawo jakarsa ajiya, ya dubi tsagar fuskar Wada, ya ja da baya.

"La ilaha illallahu! Ɓarawon akwati! Duk Kirsimeti sai an nuna shi a gidan da nake aiki. Shekara bakwai ina ganinsa da idona!"

Kafin la'asar magana ta gama unguwa. A garin da sata ke cin hannun mutum, wannan ba kalmar wasa ba ce. Dattawa suka zauna a ƙofar ɗakin ajiya, Malam Tsoho, babbansu, ya sa Wada a gaba.

"Ya shekh, wasa ne," in ji Wada. "Duwatsu ne a akwatin. Mutumin ma bai mutu ba."

"Tayyib, mun ji. Ka haura tagar ko ba ka haura ba?"

"Na haura."

"Sau nawa?"

"Sau goma sha biyu."

Wuri ya ɗauki salati. Da ya iya ƙarya da ya tsira, amma ina! Babu wanda ya tsaya tunanin wane irin ɓarawo ne ke sata da mai hoto a bayansa. Mutanen da suka ci tuwon Shatu, waɗanda ya yi jinyarsu da zazzaɓi ya kayar da su, su ne kan gaba wajen jan kayansu waje. Can wani ya nuna kusurwa.

"Wancan koren fa? Ina mai shi?"

"Amana ce," in ji Wada. "Ba za a taɓa ba."

"Ka buɗe da hannunka, khalas, magana ta ƙare," in ji Malam Tsoho, "ko mu kira askar, 'yan sandan gari, su buɗe."

Wada ya dubi Shatu, ta kau da kai tana share hawaye. Ya ɗauko guduma. Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Likkafani ne a ciki, a ninke, irin wanda alhazai ke jiƙawa da zamzam su shanya, sai tasbaha da 'yan takalman yara ƙafa biyu. Ko takarda babu.

Dattawa suka miƙe suna kaɗe riguna, wannan ya ce dama bai yarda ba, wancan ya ce a yi haƙuri. Tijjani ya sulale. Wasu har suka fara mayar da kayansu ciki.

"Ku kwashe," in ji Wada. "Duka."

"Haba ya ammi, baffanmu, ai an wanke ka!" in ji wani daga cikinsu.

Wada ya ce, "Kayanku kun kawo su ne ga mutumin da bai taɓa fasa akwatin kowa ba. Yanzu na fasa."

Washegari ya mayar da mabuɗan ɗakunan ga mai gida, ya sayi gammo, ya koma dako da furfurarsa. Koren akwatin kaɗai ya ɗauka zuwa gida, ya ɗaure shi da igiya, ya ci gaba da tare ayarin Katsina har ƙafa ta ƙi.