Ranar da Kaka Ta Fitar Min da Akwati Waje

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abu ɗaya da ya same ni a New York wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba, ba sai na yi dogon tunani ba. Wata Talata ce a farkon watan Maris, ranar da na fito daga ɗaki na tarar an fitar min da akwatina waje. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, kunya kuma ta biyo bayanta.

A lokacin aikin kula da tsofaffi nake yi, irin wanda ake kwana a gidan mutum. Kamfaninmu ya tura ni unguwar Jamaica, hawa na huɗu a wani dogon bene, wurin wata tsohuwa 'yar kudancin Indiya mai shekara tamanin da huɗu. Ɗanta guda ne, yana aiki a wata jiha mai nisa. Gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya taku biyar sai da ƙarfen dogarawa, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Tun makon farko na laƙaba mata Kaka, na kuma ɗora mata wasan jika ba tare da na nemi izini ba. Ita ma ba ta raga min ba. Ta ce shayina ruwan wanki ne, na ce miyarta hukunci ce. Haka muka yi shekara uku, kuma ba na jin kunyar faɗa, na so matar nan kamar jinina.

Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa mu faɗa, wato kalandarta. Wata 'yar ƙaramar kalanda ce a jikin bangon kicin, da rubutun yarensu, kullum da safe sai ta yage takarda ɗaya ta ɗaga tabarau ta duba. Abin da take nema shi ne wani lokaci da suke kira Rahu Kalam. A lissafin taurarinsu, ana raba yini kashi takwas daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kashi ɗaya kuma na Rahu ne, wani mugun tauraro a wurinsu, wajen awa ɗaya da rabi, kowace rana da nata lokacin. A cikinsa ba a fara sabon abu. Abin da aka riga aka fara babu laifi a ci gaba da shi, amma ba a fita tafiya, ba a sa hannu a takarda, Kaka ko sabon kwalin magani ba ta yarda a buɗe. Na sha zama da ita a bakin ƙofa ranar Litinin, mun sa rigunan sanyi mun yi tsaf, motar asibiti na jira a ƙasa, mu kuma muna kallon agogo sai tara ta buga.

Ni kuwa ba na barin ta ta huta. Nakan ce, "Kaka, shi wannan Rahun naki ya san hanyar Amurka kuwa? Wa ya ba shi biza?" Sai ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Ke aka ba ki ma, balle shi." Na gaya mata gaskiya tun farko cewa ni Musulma ce, a wurinmu duk lokaci na Allah ne, babu sa'ar da take cutarwa da kanta. Ta ce ta ji, ba ta kuma taɓa cewa in bi nata ba. Ita ce ma take tuna min in la'asar ta yi. Ni ma in na yi niyyar tsananta mata sai in tuna tawa kakar ta gida, wadda ba ta yarda a yi wanki ranar Laraba. Tsofaffi dai duk kanwar ja ce.

Ana cikin haka yayana ya kira ni daga gida ya ce jikin mahaifiyarmu ya yi tsanani, in ina da hali in taho. Shekara bakwai rabona da ita. Na samu tikitin jirgin Talata da yamma, kamfani kuma ya ce wadda za ta karɓe ni ba za ta iso ba sai uku da rabi. Ba a barin Kaka ita kaɗai ko na minti goma, don ta taɓa faɗuwa a banɗaki. Ke nan ba ni da zaɓi, uku da rabi zan fita, in na wuce huɗu kuma jirgi ya bar ni.

Da safiyar Talatar muna karyawa Kaka ta yage takardarta, ta duba, sai na ga fuskarta ta canja. Ta ce Rahu na yau daga uku ne zuwa huɗu da rabi. Ta ce in fita kafin uku, za ta zauna a kujera ba za ta motsa ba. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce to in jira huɗu da rabi. Na ce jirgi ba ya jiran kalanda. Ta sake maimaitawa, na sake ba ta amsa, ta kuma dawo da maganar a karo na uku. Ni kuwa kwana biyu ban yi barcin kirki ba, zuciyata a wuya take. Sai na ajiye kofi da ƙarfi na ce, "Kaka, wannan shirmen ya ishe ni! Uwata na can rai a hannun Allah, ke kina nan kina min lissafin takarda. Ai ba don ke ba da tun asuba ina filin jirgi."

Magana zarar bunu ce. Tana fita na san na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni gyarawa. Kaka ta cire tabarau. Ta ninke takardar, ta ture farantinta gefe. Duk safiyar nan na yi mata abin da ya kamata, na ba ta magani, na taje mata kai, ba wadda ta kalli idon 'yar uwarta.

Wajen ƙarfe biyu na zaunar da ita a falo, na shiga na yi wanka, na yi azahar. Na daɗe a kan sallaya ina kuka ina roƙon Allah ya sa in tarar da mahaifiyata da rai. Na ji ƙarar jan wani abu daga falo, na ɗauka ƙarfenta take ja zuwa taga kamar yadda ta saba. Da na fito, babban akwatina da na ajiye kusa da talabijin babu shi. Ƙofar gida a buɗe. Na leƙa, sai ga shi can a baranda kusa da lif, shi kaɗai kamar maraya. Kaka na zaune a kujerarta ta juya min baya tana haki.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi in an fitar wa mutum da kayansa waje. Korar kare ke nan, ba sai an yi bayani ba. Na ce a raina, shekara uku ina wanke matar nan, ina kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ita, yau don na faɗi magana ɗaya ta watso min kaya? Ban tambaye ta komai ba. Na sa hijabina da rigar sanyi, na ɗauki jakar hannu na fice. Na ƙudurta cewa ko sallama ba zan yi mata ba, in na dawo ƙasar kuma a canja min gida.

Sai dai fushin nawa bai kai ko'ina ba, domin ba zan iya barin ta ita kaɗai ba. Don haka na bar ƙofar a ɗan buɗe, na je na zauna a kan akwatin, na kumbura fuska ina kasa kunne ko zan ji ta faɗi. Fiye da awa ɗaya na yi a haka. Maƙwabta na wucewa suna kallon mace da girmanta ta hau akwati a baranda tana sharar hawaye. A nan ne na lura da wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa da aka ɗaure a hannun akwatin, da wani abu a ƙulle a ciki. Na ce to, abin har ya kai ga haka? Kora ba ta isa ba sai an haɗa min da ƙulli?

Ina kiciniyar kwance shi lif ya buɗe, mai karɓata ta fito. Wata babbar mace ce 'yar zangon Kumasi, ta fi shekara goma sha biyar tana wannan aiki, yawanci a gidajen Indiyawa. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta dube ni ta ce, "Ei, sista! Lafiya ka zauna nan kamar an kwace maka biza?" Na zayyana mata komai, har da ƙullin. Ta karɓa ta kwance. Shinkafa ce ɗan kaɗan da aka shafa wa kurkur, da kwabo ɗaya. Sai matar nan ta dafa bango ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da ta lafa ta ce, "Ƙarfe nawa ya fitar da akwatin?" Na ce wajen biyu da wani abu. Ta ce, "Kafin uku ke nan. Sista, ba korar ka ya yi ba, tafiya ya fara maka." Ta yi min bayani cewa haka suke yi in tafiya ta faɗa a mugun lokaci kuma ba yadda za a ɗaga ta. Sai a fitar da kayan matafiyi waje tun lokaci na da kyau, a ɗaura masa ɗan guzurin albarka. In kaya sun fita, a wurinsu tafiya ta riga ta fara, ko da mai ita ya fito daga baya Rahu ba shi da hurumi a kansa. Sannan ta ɗaga akwatin ta ji nauyinsa, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Tsohon nan shi kaɗai ya tura wannan?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Akwatin nan ni kaina da ƙyar nake jan sa. Matar da ba ta iya zuwa banɗaki sai an riƙe ta, ita ta tura shi daga falo har bakin lif, bayan na gama gaya mata cewa ita ce matsalata. Mai tasin da zai kai ni filin jirgi ya riga ya fara kira daga ƙasa. Na ce ya ƙara min minti biyar, na koma ciki da gudu.

Na durƙusa a gabanta kamar yadda zan durƙusa wa uwata. Bayan hannunta ya yi shuɗi inda ƙofa ta buge ta. Na riƙe hannun na ce, "Kaka, ki yafe min. Bakina ne ya fi hankalina sauri." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wace ce wannan? Yarinyar gidan nan ta tafi tun biyu da kwata." Na ce ai ga ni, na zo sallama. Ta ce, "Ba a sallama a wannan lokacin. Na riga na yi miki tawa tun kina ɗaki kina kuka, na gaya wa akwatin. Ke yanzu matafiyiya ce da ta tsaya shan ruwa a hanya." Ta sa aka miƙo min ruwa a kofi, na sha ina dariya ina hawaye. Sai ta dafa kaina ta ce, "Na san ba ki yarda da shi ba. Ni na yarda, kuma ba zan iya zama ina kallo ki fita a cikinsa ba. Je ki ga uwarki, ki dawo."

Na samu jirgi, na kuma tarar da mahaifiyata da ranta. Kwana tara muka yi tare kafin Allah ya karɓi abarsa. Ban ce akwati ne ya yi ba, Allah ne ya amsa, kuma har gobe ban yarda akwai wata awa da ta fi wata sharri ba. Amma na ba mahaifiyata labarin a gadon asibiti, ta yi murmushi da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ce, "In kin koma ki riƙe ta da kyau, uwa na bar miki a can." Na koma, na riƙe ta, har shekara biyu da ta ƙara a duniya.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, har a wajen nuna ƙauna. Ni na auna aikinta da mudun garinmu, saura ƙiris in tafi da gaba da matar da ta sa tsofaffin gwiwoyinta a haɗari saboda ni. Tun daga lokacin, in wani ya yi min abin da ya yi kama da wulaƙanci, nakan haɗiye fushina in fara tambaya tukuna. Da na yi wa Kaka tambaya ɗaya a ranar, da ban kwashe awa guda a baranda ina zargin wadda take ta ƙoƙarin kare ni ba.