Ranar da na kai Inna zaɓen tele a Madawa

Akwai wata ranar kasuwar Madawa da ba zan manta da ita ba muddin ina da rai. In na ba da labarinta wasu dariya suke yi, su ce ai sayen tele ne kawai, wato talabijin. Sayen tele ne kam, ban musa ba. Amma a ranar ne na kama kaina ina yi wa kaina ƙarya, kuma tsohuwar da ta haife ni ce ta nuna mini, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Sabon Gida. A shekarar da nake magana albasa ta yi kyau, na kuma yi haƙuri na ajiye ta a rumbu har ta yi daraja. Karo na farko ke nan da na sayar, na cika gida da hatsi, na yi wa iyali sutura, kuma wani abu ya saura a hannuna.

Ƙanena kuwa yana Abijan, shekara goma sha ɗaya bai zo gida ba. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'ya uku, kuma Inna ba ta taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Yakan turo mini bidiyonsu ta waya, in kai mata. To amma yanar ido ta fara rufe mata gani. Sai ta karɓi wayar ta juya nan, ta juya can, ta kai ta har bakin hanci, daga ƙarshe ta kara a kunne ta ce muryar ma ta isa. Wata rana da la'asar, bayan mun saurari wani bidiyo, sai ta ce, "Ita ƙaramar, hwara ta ko baƙa?" Na ba ta amsa, na tashi na fita. Har na isa garka, lambun albasata, tambayar nan ba ta bar ni ba. A nan na ƙudura cewa zan sayi tele, a sa mata jikokinta a ciki ta gan su da girma.

Da kasuwa ta zagayo na shiga Madawa. Na fara da kantin masu sababbin kaya. Suka nuna mini wani ƙarami a cikin kwalinsa, faɗinsa bai wuce faifai biyu ba, da takardar garanti ta shekara guda. Suka ce kai tsaye yake aiki da batir, panon hasken rana da nake da shi a gida ya ishe shi, tunda garinmu babu wutar lantarki. Ba shi da wani aibi. Ba shi kuma da wani abin da zai sa mutum ya sake waiwayensa.

Ina fitowa wani ya ce in leƙa rumfar wani dattijo mai gyaran tele a bayan tasha, yana da na hannu masu kyau. Na leƙa. Wallahi har yau ina tuna yadda na tsaya a bakin rumfar kamar an kafe ni. Wani tele ne jingine da bango, girmansa kamar an kwantar da ƙyauren ɗaki. Ƙwallo ake nunawa a ciki. Ina ganin ciyawar filin ɗaya bayan ɗaya, ina ganin zufa tana gangarowa a wuyan ɗan wasa. Dattijon ya ce na wani babban ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki, shekara biyar ya yi yana amfani da shi, kuma lokacin da yake sabo kuɗinsa ya sayi bijimi da rara. Yanzu kuwa kusan kuɗi ɗaya ne da ƙaramin nan da na baro a kanti.

Ba zan zalunci mutumin nan ba, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Shina da cin wuta, sai ka ƙara pano da batir. Kuma babu garanti. In allon ya mutu, ko birnin Tawa ba ka samun irinai." Na ji shi da kunne, amma idona yana kan ciyawar nan. Na miƙa masa hannu na ce na ɗauka, ya ajiye mini zuwa kasuwa mai zuwa. Muka yi musafaha a kan haka.

Ban ko isa gida ba na tsaya a fada, inda muke shan shayi da abokaina, na baza labari. Na buɗe hannuwa biyu ina gwada musu faɗinsa. Nan take aka fara rabon wurin zama a zaurena, wannan ya ce shi ne a gaba, wancan ya ce shi zai riƙa kawo sukari duk ranar wasa. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Matata ce ta fara rage mini zafi. Tana tankaɗe na ba ta labari, ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, wa za ka saya ma shi?"

Na ce, "Inna mana. Wane irin zance ne wannan?"

Ta ce, "To ka tambaye ta? Abin da ka gwada da hannu, ko ƙohwar ɗakinta ba shi shiga."

Na ji haushi ƙwarai, irin haushin da mutum yake ji in an taɓa inda yake ɓoyewa. Na ce mai raunin ido ai babban abu yake so, wannan ko yaro ya sani. Don in rufe mata baki na ce to shi ke nan, ranar kasuwa da Inna za mu je, ta gani da idonta. A raina na riga na gama shari'a. Kai ta kawai zan yi ta sa mini albarka.

Ranar ta zo. Inna ta yi shekaru rabonta da Madawa. Ta ɗauko zanenta na ajiya mai ƙanshin turaren wuta, ta yafa farin mayafi, muka samu wurin gaba a motar kasuwa saboda direban ya girmama ta. Duk hanya tana riƙe da hannuna tana tambayar inda muka kawo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai", ko ta ɗan matse mini hannu.

Dattijon ya tarbe ta da mutunci. Ya kakkaɓe kujerarsa ya ba ta, suka gaisa doguwar gaisuwa, har suka gano cewa kakarsa 'yar wajen Urno ce, inda dangin Inna suke. Na ba shi kile, ɗan ƙarfen nan da na sa aka zuba mini bidiyoyin a ciki, ya soka a bayan babban telen. Allon ya haska. Ga tsakar gidan ƙanena, ga yaran uku a tsaye kusan da girmansu na gaskiya, ƙaramar tana rera wata waƙar makaranta tana rausaya kai. Masu wucewa ma sai da suka tsaya.

Na dubi Inna, na ga hawaye yana zubo mata. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, da ma matata tana nan ta gani. Har na juya ina yi wa dattijon murmushi, sai na ji Inna ta ce, "Kashe shi, don Allah. Idona na zahi."

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ba ki gan su ba? Ga su nan su ukun."

Ta ce, "Ba ni ganin komi sai haske. Kamar an ce in dubi rana da tsaka."

Ashe hawayen ba na murna ba ne. Dattijon ya rage hasken, ta ce ya yi dama, amma hazo kawai take gani yana motsi. Muka matso da kujerar kusa, ta ce yanzu kuma wani ja ne ya cika mata ido, ba kai ba ƙafa. Rigar yarinyar ce. Muka ja ta baya, muka dawo da ita gaba, muka karkata allon. Na yi ta zufa ina ba da umarni kamar ni na ƙera abin. Inna dai tana zaune tana bin duk abin da aka ce, don kada ta kunyata ni a gaban mutane.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Can ya ce mahaifinsa ma ya yi irin wannan ciwon, kuma shi abin da ke kusa yake gani, in bai cika faɗi ba, bai cika haske ba. Ya juya kan teburin aikinsa ya ɗauko wani ƙaramin tele da yake gwajin kaya da shi, duk jikinsa tabon hannu. Ya ɗora shi a kan wani kwali daidai gwiwar Inna, ya rage masa haske sosai, ya juya shi ya ba ƙofa baya, ya mayar da kile ɗin.

Inna ta sunkuyo har tsakaninta da allon bai fi taƙi ɗaya ba. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, wanda ya fi lalacewa. Yarinyar ta fara waƙarta.

"Tsaya," in ji Inna. "Tsai da shi nan."

Dattijon ya tsayar. Ta kai yatsa ta taɓa allon a hankali, ta bi gefen fuskar yarinyar da shi. Ta ce, "Wushirya gare ta." Ta ƙara matsawa. "Kai, dubi kunnuwan ga. Na babanku na. Su na, wallahi, har lanƙwasar."

Babanmu ya rasu tun ƙanena bai tafi ba. Ni da nake da lafiyayyen ido na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, ban taɓa lura da kunnuwan ba. Sau uku ta sa aka maimaita mata. Ta ga babban yaron, ta ce ya cika rama, uwarsa ba ta ba shi hura ne? Ta ga ƙanena da ya gifta a baya, ta ce furfura ta fito masa, ta yi dariya har tana tari. Wannan karon ma ta share ido, amma ban yi gaggawar fassarawa ba.

To a nan ne abin kunyar yake, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Duk da abin da na gani, raina bai saki babban telen ba. Na tuna musafahar da muka yi, na tuna abokaina da suke jira a fada. Na ce, "Inna, babban nan ma a hankali za ki saba da shi. Ya fi ƙarko, ya fi daraja."

Ba ta juyo ba, idonta yana kan jikarta. Ta ce, "In don ni na, ƙaramin ya ishe ni. In don kai na, ɗauki babban, ba laihi ba na. Kai ka sha ranar garka. Amma kak ka ce don ni."

Na rasa inda zan sa fuskata. Dattijon ya yi kamar yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aikinsa, don ya ba ni lokaci. Da na samu bakin magana na ce masa, "Baba, na riga na ba ka hannu."

Ya ce, "Na sake ka. Wanga ba shi rasa mai saye. Tahi wurin masu sababbi ka ɗauko mata nata." Ya ce nasa na tebur ya tsufa, ba zai sayar mini da wahala ba. Ya koya mini in duba cewa akwai wurin soka kile, ya nuna mini yadda ake rage haske. Sannan ya ja ni gefe ya ce in kai ta wurin likitan ido, irin wannan yanar sau da yawa ana cire ta. Na so in ba shi wani abu na ɓata masa lokaci, ya ƙi. Goro kawai ya karɓa daga hannun Inna.

Kafin in fita sai da na sake waiwayar babban telen. Ya yi mini ciwo, gaskiya. Muka je kanti muka ɗauki ƙaramin. A mota Inna ta ƙi yarda a ɗora shi a sama da kaya, a cinyarta ta riƙe kwalin har gida.

Abokaina ba su raga mini ba. Wani ya leƙa ya ce, "Wanga tele na ko madubin aski?" Na sha tsiya ta kusan wata guda. Matata kuwa sai ta ƙara mini man shanu a tuwo a ranar. Telen ya samu wuri a ɗakin Inna, a kan akwatinta, ta yi masa marufi da wani tsohon zane. Kullum bayan azahar tsofaffin unguwa sukan taru a wurinta, tana nuna musu jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin halin kowa kamar a hannunta suka girma. Ranar wasa kuma mukan je mu roƙi aro, ta ba mu da sharaɗin a dawo da shi kafin magariba. Haka muke cunkushewa a zaure, kai bisa kai, kuma ihunmu bai ragu ba don allon ƙarami ne.

Bayan girbi na kai ta asibiti aka yi mata aikin ido ɗaya, Allah ya sa aka dace. Babban telen kuwa wani mai gidan kallo ne a garin Buza ya saye shi. Na taɓa biyawa ta wurin na gan shi, yana aiki lafiya lau, kyansa yana nan. Ba shi da laifin komai, kaya ne na ƙwarai. Kawai dai ba na Inna ba ne.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum yana iya son abu don kansa ya lulluɓe shi da sunan wani, har shi ma ya yarda cewa alheri yake yi. Tun daga lokacin, in zan yi wa wani abu, ko matata ce, ko 'ya'yana, ko maƙwabci, nakan je in zauna in tambaye shi abin da yake so, in kuma yi shiru har ya gama ba ni amsa. In kuwa ni ne mai so, sai in ce ni ne.