Bindigar da Ustad Janas Ya Ƙi Gamawa

Duk wanda ya san kasuwar Darra ya san kafin rana ta leƙo kan dutse Ustad Janas Khan, babban maƙerin bindiga, ya buɗe rumfarsa, ya ɗora koren shayi, ya zauna dirshan da magagari a hannu. Ni maƙwabcinsa ne, kuben bindiga nake ɗinkawa, ƙarar magagarin nan kuwa ita ce agogona tun ina da baƙin gemu. Bana idonsa ya gaza, ya ce zai ajiye aiki, ni kuma na ce ba zai tafi shiru ba.

Gardamarmu ɗaya ce, kuma ba ta ƙarewa. Shi ɗan gani-kashe-nin tsohuwar ƙirar ƙaramar bindiga ne, wadda harsasanta ke jere layi ɗaya, siririya, ta kwanta a tafi. Ni ina bayan ta zamani mai layi biyu, wadda ke cin harsashi ninki, ko da mariƙinta ya cika hannu. Yakan ce ba sonta nake ba, kubenta ne ya fi cin fata. Ban taɓa musa masa ba.

Amma ba don ƙira nake jinjina masa ba. Ustad ba ya sayar wa kowa bindiga sai ya riƙe hannunsa a gaisuwa, ya daɗe bai saki ba. Mutane na zaton girman tafi yake aunawa.

Wata shekara Zarwali ya shigo rumfar, saurayin da aka kashe wansa a rikicin gona. Samari duk mai layi biyu suke nema, don a gani a ƙugunsu. Shi siririya ya tambaya, wadda ba za ta tokare riga ba. Ustad ya riƙe hannunsa, ya dube shi ido cikin ido.

“Ɗana, wannan ai ta tsofaffi ce. Ina za ka da ita?”

“Gida kawai, Ustad.”

“To, ba ta gama gyaruwa ba. Sha shayi, ka dawo jibi.”

Bayan ya fita Ustad ya ce da ni mai neman mai kauri tsoro yake ji, amma saurayin da ke neman siririya akwai wanda yake so ya matsa kusa da shi ba a gani ba. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya nufi gidan kawun yaron. Jibi ta zama gata, gata ta zama mako. Kullum Zarwali ya zo sai a nuna masa wani ƙarfen da bai zauna ba, a cika masa kofi. Kafin haƙurinsa ya ƙare, dattawa sun zauna, dangin mai laifi sun zo ƙofar gidan su Zarwali da rago suna neman afuwa, uwar mamacin ta karɓa.

Ustad, kai ne maƙerin da ya san ranar da ba a gama aiki. Na gode maka, kuma wallahi zan yi kewar tsiyar da kake mini. Ku masu rumfuna, ku koyi riƙe hannu kafin ku miƙa ƙarfe.

Jiya Zarwali ya zo yi wa Ustad sallama, ’yarsa a kafaɗa. Ya dubi siririyar da ke rataye a bango har yau, ya tambaya ko ta gyaru.

“Saura kaɗan,” in ji Ustad. “Ka dawo jibi.”