Ƙoƙon Ƙwallayen Kaka

Shekaranjiya a kasuwar Sabon Gari na wuce wata mata da faranti cike da ɗinya, ta kasa ta kashi-kashi kamar tumatir. Ƙamshin nan na ɗinya ya bugi hancina, na tsaya cak a tsakiyar hanya har mai amalanke ya daka mini tsawa. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

A Samaru na tashi, a gidan ƙasa, tare da mahaifiyar babana. In ka bi hanyar Shika ka ratse ta cikin gonakin dawa, akwai wani ɗan kurmi a bakin rafi, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Ba shi da wani girma, amma abin da ke cikinsa ba ka samunsa kusa: ɗinya, kanya, tsada, taura, gwandar daji, da ganyayen magani da Kaka ke tsinka tana kiran sunayensu kamar 'yan'uwanta. Da ka shiga sanyi zai rufe ka, ƙasa na warin jiƙaƙƙen ganye. Nan muke wuni, mu dawo da haƙora baƙi ƙirin.

Kaka tana da doka guda, kuma ba ta wasa da ita. Duk abin da ka sha daga kurmi, ba ka yar da ƙwallonsa. Akwai ƙoƙo a ƙarƙashin gadonta, can ake zubawa. Ni da nake da kwaɗayi na fi kowa cika shi. In ruwan farko ya sauka sai ta ɗauki ƙoƙon da sandarta, mu bi ta, tana tona ƙasar kurmin tana binnewa. Ba ta taɓa shuka ko ɗaya a gida ba, don a wajen mutanen da, wanda ya shuka itacen daji a gidansa ba ya rayuwa ya ga 'ya'yan itacen.

Baba malamin makaranta ne, dariya yake mata. "Inna, wannan ai camfi ne."

"Kai ka yi boko," in ji ta. "Ni ina so in ga jikokina."

Sai masu gawayi suka fara shiga kurmin. Da fari busassun itatuwa suke ɗiba, daga baya suka koma kan ɗanyu. Wata damina muka je da ƙoƙonmu muka tarar an yanka wurin filaye, an kafa duwatsun shaida. Kaka ta zauna a kan kututturen wata kanya. Ranar muka dawo gida da ƙoƙo a cike.

Bayan 'yan kwanaki na fito da safe na same ta a bayan madafi, tana tona rami da sandar nan. Na fashe da kuka, don ni na yarda da maganarta fiye da yadda na yarda da ta Baba. Shi ma ranar bai yi dariya ba.

"Inna, ke da kanki?"

"To ina zan kai su?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Jikokin ai na gan su."

Cikin duk abin da ta binne, ɗinya da kanya ne suka tsiro. Akuyar maƙwabta ta gama da kanyar, ɗinyar kuwa Kaka ta kewaye ta da ƙaya, ruwan wankin hatsi ma ita take zuba wa. Ba ta sha 'ya'yanta ba. Na san tsufa ne ya ɗauke ta, na sani sarai, amma har yau in na tsaya a inuwar bishiyar nan sai maganar mutanen da ta dawo mini. Ina kewarta ƙwarai.

Yanzu inda kurmin yake unguwa ce, har da shagon cajin waya. Gidanmu ya zama na bulo, ɗinyar ta wuce rufi. Ni ma ban san lokacin da na hana 'yata yar da ƙwallo ba, baki ne ya saba. Tana tarawa a gwangwanin madara. Da aka yi ruwan farko bana ta kawo mini shi.

"Mama, ya cika. Ina za mu kai su?"

Na dubi ɗan filin da ya rage a bayan madafi. Na ce ta miƙo mini gwangwanin, ta je ta ɗauko fartanya.