Ƙwayar da Na Ɓoye a Buron Karɓar Masu Jinya

Lokacin da na sauka Tamanrasset, ni bazawara ce 'yar Damagaram, ba ni da sana'ar da ta wuce wanki da goge-goge a gidajen mutane. Ciwon baya ya sa wata abokiyar aikina ta ba ni tramol, daga nan ƙwaya ta zama ita ke tashe ni, ita ke kwantar da ni. Sai da na yanke jiki na faɗi a bakin titi a unguwar Sersouf aka kwashe ni zuwa wata cibiya mai jinyar masu shaye-shaye da taɓin hankali. Na daɗe a can, Allah ya ba ni lafiya. Da za a sallame ni, babbar likitar ta ce suna neman mai jin Hausa da Larabci ta zauna a buro, wato ofishin karɓar masu jinya, don mutanenmu kan zo su koma ba a fahimce su ba. Na amsa ina hawaye.

Aikin ya karɓe ni. Mutum na shigowa nake gane halin da yake ciki, daga rawar hannunsa da yadda yake kauce wa ido. In ya rantse shayi kawai yake sha, sai in ce ni ma haka na rantse ranar da aka kawo ni, ya yi dariya ya faɗi gaskiya. Iyaye suka riƙa nuna ni suna ce wa 'ya'yansu su dube ni. A kasuwar Assihar har likita 'yan garinmu ke kirana. Ban san wannan yabon ne zai ɗaure ni ba.

Sai mahaifiyata ta rasu a gida, matsalar takardu ta hana ni zuwa ko gaisuwa. Sha'awar ƙwaya ta dawo mini kamar ban taɓa bari ba. To wa zan gaya wa? Likitar da ke alfahari da ni, ko uwayen da ke riƙe hannuna suna sa mini albarka? Gani nake in na buɗe baki aikin ya tafi, mutuncin ya tafi. Na saya na ɗaure a gefen mayafi, na ce ajiya ce kawai. Ba a jima ba na koma sha. Kullum in zauna ina ba mutane labarin warkewa, harshena da nauyi, ina ƙin kaina, ba ni da ƙofar fita.

Wata rana wani ɗan kasuwa mutumin Agadas ya kawo matarsa, rama duk ta cinye ta. Tun da ta zauna take kallona. Da mijin ya fita amsa waya, ta matso ta kira ni yaya, ta tambaye ni a hankali ko ni ma yau na sha. Na kasa ɗaga kai. Ta ce in dai wadda aka ce ta warke haka take, ita ba ta ga amfanin zama ba. Ta fita ta ja mijinta suka tafi, ba ta sake dawowa ba.

A ranar na shiga wajen likitar na kwance gefen mayafina a gabanta. Ba ta kore ni ba. Ta ce komawa shan ƙwaya wani ɓangare ne na ciwon, abin da ya ɓata mata rai shi ne shirun da na yi. Na sake kwanciya jinya, yanzu na koma burona, amma ni ma ina da wadda nake zama da ita in amayar da abin da ke raina. Matar nan kuwa har yau ban ji ɗuriyarta ba, ko a taksi nake ina duba fuskokin mata.

'Yan'uwana da Allah ya tsamo daga wannan ciwo, musamman masu taimakon wasu, kada yabo ya rufe muku baki. Ranar da kuka ji zuciya ta fara karkata, ku faɗa tun ba ku saya ba. Ni shiruna ba ni kaɗai ya cuta ba, ya kori baiwar Allah da ta zo neman lafiya har bakin ƙofa.