Hoton da Tarlochan Bai Ɗauka Ba

Kafin mai shayi ya hura wuta, tsohon babur ɗin Tarlochan Singh ya riga ya iso filin harbin da ke bayan garin Patiala, yana tari yana hayaƙi. Mai shi zai dire, ya rataya jakar kyamara, ya gyara rawani da hannu ɗaya, ya nufi bakin ramin da inji ke cillo faifan yumɓu. Ya dubi inda rana za ta ɓullo, ya matsa hagu, ya dawo dama, ya tsuguna, ya miƙe, ya yi tsaki. Mutumin nan bai iya zama ba. Shekara talatin da ɗoriya ana ajiye masa kujera a filin nan, amma jakarsa ce kawai ke hawa kanta.

"Bhaji, shayinka zai huce!" in ji Bhola mai shayi. Bhaji, wato yaya a yarensu, shi ne sunan da kowa ke kiransa da shi a filin.

"Bar shi, ina zuwa."

"Tun ina da gashi a ka kake zuwa. Ranar da ka zauna wuri ɗaya, shayi kyauta zan raba."

"To ci gaba da sayarwa, marowacin banza."

Sana'arsa ke nan, ba shi da wata. Maharba su jeru da bindigoginsu masu baki biyu, mutum ya ɗora bindiga a kafaɗa ya yi kira, faifai ya fito a guje, ya sakar masa wuta. Tarlochan na bayansu kaɗan yana ɗauka. Da rana ta take sai ya figi babur zuwa cikin gari ya wanko hotuna, ya dawo yana bin mutane har bakin motocinsu. Wani ya saya, wani ya ce sai gobe, wani ya juya hoton ya ce ai hancinsa bai kai haka girma ba. Da wannan ya riƙe gidansa, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Akwai ƙa'idar da duk mai hoto a filin harbi ya sani. Daga lokacin da maharbi ya kwantar da kumatunsa a jikin bindiga har ya ja kunama, ko tari ba a yi. Ƙyas ɗin kyamara guda a cikin wannan shirun ya isa ya ɓarar wa mutum wahalar shekara. Sai Tarlochan ya koyi ɓoye ƙarar kyamararsa a cikin ƙarar bindiga. Kunne ya ji, yatsa ya danna, a tare. Abin da ke fitowa kuwa ba wanda ya iya irinsa a nan: ga fuskar maharbi, ga bakin bindiga, ga faifai ya tarwatse a sama, duk a hoto ɗaya. Ido ba ya iya wannan aikin, don kafin ka ga kafaɗa ta motsa komai ya wuce.

Shi ya sa bai taɓa toshe kunnensa ba. Kowa a filin nan yana toshewa, har mai share kwankon harsashi. Matarsa Swaran Kaur kullum sai ta cusa masa auduga a aljihu, kullum audugar ta dawo gida fes. Mu kuwa da muke rataye da hotunansa a ɗakunanmu, wallahi babu wanda ya taɓa tambayar me suke ci a jikinsa. Wannan abin yana ci mini rai.

Kai ne, Bhaji, wanda bai taɓa nuna wa mutum hoton ranar kunyarsa ba. Da wani tsohon soja ya ɓarar da gasarsa ta ƙarshe ya zauna yana sharar hawaye, mai jarida ya biyo ka har wurin babur yana roƙon hoton, ka ce masa kyamara ce ta ƙi tashi. Kai ne da wani maharbi ya rasu iyalinsa suka rasa hoton kirki, ka kwashe yini kana tone akwatuna har ka samo, ka kai musu, ka sha ruwa kawai ka fito.

To, kunnen ya tafi a hankali. Bhola ya koma buga faranti kafin ya juyo. Ɗiyarsa ta sayo masa na'urar ƙara ji, harbin farko ta yi masa ƙara a ka, ya cire ta ya jefa a jaka. Samari suka zo da sababbin kyamarori marasa sauti, farashin irinsu kuwa ya fi ƙarfin mai sayar da hoto ɗaiɗai. Sai ya fara canka. Ya kalli maƙogwaron maharbi, ya kintaci lokacin, ya danna. Sau da yawa yana dacewa.

Ran nan bai dace ba. Ya danna a tsakiyar shiru, kuma shi kaɗai ne a filin bai ji ba. Maharbin ya zabura, faifai ya wuce lafiya lau, ya juyo yana huci. Tarlochan na ta murmushi yana ɗaga masa babban yatsa. Alƙalin gasa, Sardar Mohinderpal, abokinsa ne na ƙuruciya, ya ja shi gefe ya kafa baki a kunnensa.

"Tarlochan, ka danna kafin ya harba!"

"Ni? Ni ɗin?"

"Kai ɗin. In aka sake, bayan shinge za ka koma. Ba yadda zan yi."

Tun daga ranar ƙafarsa ta ƙara rashin zama. Ya ɗaga kyamara ya sauke, ya dubi fuskokin mutane ko ya sake yin ɓarna. A gida ma Swaran ta ce sai ya yi ta danna kyamara a jikin kunnensa yana tambayarta, "Ta yi ƙara? Sosai?"

A cikin wannan hali gasar ƙarshen shekara ta zo, Gurnaaz Kaur ta kai zagayen ƙarshe. 'Yar wani manomin alkama ce daga wajen Sangrur. Ubanta ne ya koya mata harbi, shi ke kawo ta filin tun bindiga na rinjayarta, amma yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a gida. A zagayen ƙarshe ana cika faifan da hoda mai launin ja, in an same shi sai ta bazu a sama. Gurnaaz ta kama hannun Tarlochan ta ɗaga murya.

"Bhaji, jan hayaƙin nan nake so. Babana ya ce shi ba ya son kofi, hotonka yake so ya gani."

"An gama, puttar, 'yata. Ke dai ki fasa shi."

Aka yi ta fafatawa har ya rage ita da wata, faifai ɗaya ne zai raba su. Waccan ta harba ta kuskure. Gurnaaz ta ɗora bindiga. Tana da wata ɗabi'a da Tarlochan ya sani sarai: in hankalinta ya tashi takan daɗe kafin ta yi kira, wani lokaci kuma ta yi shi farat ɗaya. Ba a cankarta. Ga rana a inda yake so, ga kyamara a idonsa, ga yatsa a kan maɓalli. Muna zaune a baya muna kallon yatsan nan, rabinmu mun manta da maharbiyar. Mohinderpal ya kawar da kai.

Sai muka ga ya sauke kyamarar. Ya sa ta a jaka, ya ja zif a hankali, ya haɗa hannuwansa a baya. Mutumin da bai iya tsayawa ba ya tsaya ƙyam.

Ta yi kira, ta harba, sama ta yi ja.

Tana gama rungumar mutane ta rugo wurinsa. "Nuna mini, Bhaji!"

"Ban ɗauka ba, puttar."

Ta dube shi, ta dubi jakar. Ta yi magana bai ji ba, ta sake bai ji ba, sai ta kama kafaɗarsa ta faɗa da ƙarfin da duk filin ya ji. "Ina tsaye ina tsoron ƙarar kyamararka! Da na ji shiru sai hankalina ya kwanta!" Ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa kujerar nan, ya zauna. Bhola ya cika alkawari, ya raba shayi kyauta yana goge ido da gefen rigarsa.

Amma akwai mara lafiya da aka yi wa alkawari. Washegari Tarlochan ya hau babur har ƙauyensu Gurnaaz, hannu wofi. Ya tsaya a gaban gadon tsohon, ya ɗauki sandar shara ya ɗora a kafaɗa. Ya nuna yadda ta kafa ƙafa, yadda ta ja numfashi, inda rana ta bugi gefen fuskarta, yadda hodar ta buɗe ta karkata hagu. Da yake kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, maƙwabta har leƙowa suka yi ta katanga. Gurnaaz ta ce uban ya ɗaga hannunsa mai motsi yana nuna a sake. Sai da aka sake masa har shayi ya huce.

Bai koma filin da kyamara ba. Ba wanda ya kore shi, shi ya sallami kansa.

Mun gode, Bhaji, mai hoton maharba. Ka ba mu kunnuwanka muka rataye a bango, da suka ƙare kuma ka ƙi ci da rabon yarinyar mutane. Ku samari masu sababbin kyamarori, ku toshe kunnenku don Allah, amma ku koyi sauke hannu irin nasa. Ku kuma da hotonsa ke ɗakinku, gidansa ba ɓoyayye ba ne. Ku je ku gode masa. In kun je ku matsa kusa, ku ɗaga murya sosai, don ba zai ji ba sai kun yi ihu.